Kiɗan da kuke cewa ƙarar janareta ce

Jama'a duk sanda wani ya kunna irin kiɗan nan da malamai ke haɗawa da kwamfuta a situdiyon jami'o'in Turai da Amurka, sai ka ji ƴan'uwa a nan Garwa suna dariya wai janareta ce ta lalace. Ni ma ba zan sa shi a gidan biki ba, babu amshi, babu wajen taka rawa, wani ma minti ashirin ana ƙiiii ƙuuu. Amma raina shi ɗin nan ne ban yarda da shi ba wallahi.

A 1948 Pierre Schaeffer yana gidan rediyon Faransa ya je ya ɗauko ƙarar jirgin ƙasa, ya yanka ya jona yana maimaita guntu ɗaya har ya zama kiɗa. To yaron da ke kwana gaban laftof a unguwarku yana yanko bugun kalangu yana jera shi, me yake yi in ba wannan ba? Shi kuwa John Chowning a jami'ar Stanford ya gano a 1967 cewa in ka sa wani sauti ya riƙa girgiza wani da sauri sosai sai sabon amo ya fito, mai kama da ƙararrawa ko ƙaho, kamfanin Yamaha suka sayi lasisin suka fitar da fiyanon lantarki mai suna DX7 a 1983, daga nan irinsa ya cika duniya.

Abin da ya fi ci min rai ma, tun 1944 Halim El-Dabh ɗan Masar ya naɗi muryoyin mata a wajen zar, wato irin borinsu, ya sarrafa su da na'ura a Alƙahira, shekara huɗu kafin Bafaranshen. Ɗan Afirka ne fa ya riga su, amma wa ke faɗa?

Mu nan muna da algaita da kakaki a fadar Lamiɗo, muna da goge da garaya, masu su suna ta tsufa yaransu sun koma acaɓa. Jami'ar Marwa da ta Ngaundere su ware ɗaki ɗaya mana, makirfo mai kyau, kwamfuta biyu da sola saboda wutar nan tamu, manhajar sarrafa sauti ta Pure Data ma kyauta ake sauke ta. A kira mai algaita a biya shi haƙƙinsa, ɗalibai su naɗi busarsa su ja ta su murɗa ta mu ji abin da zai fito.