Dattin baki shi kaɗai ne ke kawo kansar baki?

Ni fa wannan kanun labarin naku ya ɗan yi zafi da yawa, wai dattin da ke manne wa haƙori yana haddasa kansar baki, sai ka ce duk wanda bai goge baki da daddare ba shikenan ya kamu. Eh gaskiya ne ƙwayoyin bakteriya da funfuna irin Candida suna haɗuwa su yi wata shimfiɗa mai yauƙi su lafe a dasashi da harshe, kurkure baki da ruwa ba ya cire ta, kuma in ta daɗe wajen kullum a kumbure yake yana jini, ita Candida ɗin ma tana juya giya ta koma wani sinadari mai lalata ƙwayoyin halittar baki. Amma manyan masu laifin ai har yanzu taba ce da giya, su kuma kun wuce su a layi ɗaya. Malamin da ya yi tsokaci a kan labarin yana cewa asuwaki ya wadatar, asuwaki na da kyau wallahi, amma in dattin ya riga ya daskare ya zama dutse a gindin haƙori sai likitan haƙori ya kankare. Abin da ya fi damuna a Kaduna mutum zai ga fari-fari a harshe ko gyambo a kumatu ya haura sati 2 bai warke ba, ya tafi kemis a ba shi kafso ya dawo ya ci gaba da cusa taba gari a leɓe. Me ya hana ku faɗa wa mutane yaushe ya kamata su je asibitin Barau Dikko ko na Shika a duba su?