Fayil ɗin hafsa da ran ƙaramin soja

Kafin zamana a Amurka na ɗauka cewa ƙarancin kuɗi ne kaɗai ke jefa soja cikin haɗari ta fuskar makami. A nan akwai kuɗi, akwai makamai, amma duk da haka akwai abin da ke ɗaure hannun kwamanda, wato tsoron abin da za a rubuta a fayil ɗinsa.

Dokar da Amurka ta kafa a 1980 ta tanadi cewa hafsan da aka tsallake sau biyu wajen ƙarin girma, galibi sai ya tuɓe kaki. Saboda haka idan bindiga ta tashi bisa kuskure a hannun yaronsa, tabon yana iya binsa har gaban kwamitin ƙarin girma, alhali harin da bai faru ba tukuna ba ya cikin fayil ɗin kowa. Wannan lissafi ne, a ganina, ke sa kwamanda ya fi samun kwanciyar hankali idan bindigogi suna kulle a ma'ajiya. A Beirut, ranar 23 ga Oktoba 1983, masu gadin barikin sojan Amurka suna riƙe da bindigogi marasa harsashi a ciki, bisa umarni, lokacin da mota maƙare da bam ta kutsa ta hallaka sojoji 241. Ba na cewa taka-tsantsan laifi ne, domin harbin kuskure ma yana kisa, sai dai ya kamata a tambaya ko ran wa ake karewa.

A Najeriya tsoron ya ɗauki wata kama, kuma ya fi ci mini rai. A can abin da ke ɓata fayil shi ne faɗar gaskiya game da makamai. A Disamba 2014 kotun soja ta yanke wa sojoji 54 hukuncin kisa kan bore, bayan sun ƙi fita yaƙi da Boko Haram suna kukan rashin kayan aiki. Daga baya aka sassauta zuwa ɗaurin shekara 10. A 2020 kuma Manjo Janar Olusegun Adeniyi, kwamandan Lafiya Dole, rundunar da ke yaƙi da Boko Haram a lokacin, ya bayyana a wani bidiyo yana bayanin yadda makaman abokan gaba suka rinjayi dakarunsa. Aka cire shi, kotun soja ta same shi da karya dokar amfani da kafafen sada zumunta, ta zaftare masa shekara 3 daga matsayinsa. Ƙananan hafsoshin da ke jiran nasu ƙarin girma suna kallo, kuma su ne za a tambaya gobe ko bindigogin yaransu suna aiki.