Kifin roba a tafkin Bosomtwe

Ƙanin matata ne ya ce bidiyon masu kamun kifin bas na Amurka da nake kallo a YouTube ɓata lokaci ne, ni kuma na ce ya zaɓi rana. Muka hau mota daga Kumasi zuwa Abono, a bakin tafkin Bosomtwe, tafiyar kusan kilomita 30. Shi ya riƙo gwangwanin tana da ya haƙo a bayan gida, ni kuwa na riƙo akwatin kifayen roba da na yi oda, waɗanda ake sa wa ƙugiya maimakon tana.

Masu kamun bas sun san aikinsu, domin kifi ne mafarauci: idan ruwa ya yi duhu sai a sa kifin roba mai ƙyalli, idan bas ɗin ya kwanta a ƙasa sai a ja tanar roba a hankali. Duk wannan na yi wa ƙanin matata bayani a mota, yana ta cewa “To, Yaya.”

A jifa na farko na ɗaga sandar kamar yadda na gani, na kaɗa ta baya da ƙarfi, sai ƙugiyar ta cafke hulata, zanna bukar ɗin da na ɗinka don Sallah, ta wulla ta cikin tafki. Na tsaya da kai a buɗe, zare a miƙe, hula tana juyawa a kan ruwa, yaran ƙauyen suna tafi. Wani tsohon masunci da ke zaune a kan faifan katako, irin wanda suke hawa a nan maimakon kwalekwale, ya tuƙo da hannu ya ɗauko ta, ya ɗaga sama domin kowa ya gani, sannan ya duba kifin robar ya ce karfasar tafkin nan ba ta da bakin da zai haɗiye wannan.

Tsohon bai ɓata mini rai ba. Matar da ke soya kifi a gefe ce har yanzu nake jin haushinta, domin ba ta yi dariya ba, sai ta matso a natse ta ce za ta sayar mini da ɗanye in kai gida, ba za ta faɗa wa kowa ba. Ta kuma tsuga kuɗi, alhali ta ga halin da nake ciki.

Ƙanin matata ya kama ƙanana guda biyu da tanarsa, kuma kafin mu iso unguwar Aboabo a Kumasi labarin ya riga mu zuwa wurin mai shayi. Hular dai an wanke ta, amma ta ɗan motse.