Takarda ba ta gina aji: a riƙa tambayar ɗan kwangila ina aikinsa na baya

Akwai wani gini na ajujuwa uku a makarantar firamaren da ke bayan unguwarmu, yau shekara huɗu kenan yana tsaye a linta, ba kwano ba ƙofa ba taga, rodin da aka bari a waje ya yi tsatsa, ciyawa ta fito a tsakiyar ajin har awaki suna shiga kiwo. Yaran da aka ce dominsu za a yi ginin suna nan a gindin dalbejiya suna ɗaukar darasi, in hadari ya haɗo malam ya sallame su. Ƙanin mahaifina birkila ne, yana cikin waɗanda suka ɗora bulon ginin nan tun daga fandisho, kuma har yau yana bin kuɗin aikin sati biyar. Ranar da na tambaye shi ko ya san inda mai kamfanin yake, cewa ya yi, "Ɗana, ai ba mu taɓa ganinsa ba, wani yaro ne yake zuwa da mota yana ba mu na abinci, daga baya lambarsa ma ta daina shiga."

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ina da yaƙinin wanda ya ci wannan kwangila takardunsa sun cika cif a ranar da aka ba shi. Kuma in gobe aka tallata wani aikin, babu abin da zai hana shi ya sake ɗaura fayil ɗinsa ya kai.

Dokar da ke kula da bayar da kwangilolin gwamnatin tarayya ita ce ta 2007, wadda marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'adua ya sa wa hannu 'yan kwanaki da hawansa mulki. Tushenta tun zamanin Obasanjo ne, lokacin da wani bincike da aka yi tare da Bankin Duniya ya nuna cewa a cikin kowace naira ɗaya da gwamnati ta kashe wajen kwangila, kwabo 60 na zurarewa ta bayan fage. Daga nan aka buɗe ofishin bin ƙa'ida wanda Oby Ezekwesili ta riƙe, daga baya dokar ta haifi BPP, hukumar da ke sa ido kan bayar da kwangilolin gwamnati. Sashe na 16 na wannan doka shi ne ya faɗi wanda ya cancanci ya nemi aikin gwamnati: ya zama yana da ƙwarewa da kayan aiki da ma'aikata da ƙarfin aljihu, kamfaninsa bai karye ba, ya biya haraji da fanshon ma'aikatansa, babu wani daraktansa da kotu ta taɓa kamawa da zamba, sannan ya yi rantsuwa a rubuce ya bayyana ko akwai wani jami'in ma'aikatar da ke da hannu a kamfanin. In ka karanta a takarda wallahi babu abin kushewa.

To amma ka je wajen buɗe takardun masu neman aiki ka ga yadda ake yi. Ana zaune a zauren taro, a ɗauko ambulan ɗaya bayan ɗaya, wani jami'i yana riƙe da takarda yana kira: rajistar CAC (hukumar rajistar kamfanoni), akwai. Shaidar biyan haraji ta shekara uku, akwai. Satifiket ɗin PenCom (hukumar fansho), akwai. Na ITF (asusun horar da ma'aikata), na NSITF (asusun inshorar ma'aikata), rajistar BPP, wasiƙar banki, duk akwai. Wanda ya rasa guda ɗaya an jefar da shi tun a nan ko da kuwa shi ne ya gina rabin kwalbatocin jihar, wanda nasa suka cika kuma ya wuce ko da ofishin kamfaninsa a cikin jakar hannu yake. Shaidar ayyukan baya ma ana nema, amma me ake kawowa? Kwafin wasiƙar ba da aiki da takardar kammalawa da hotuna, kuma da wuya ka ji an ce kwamiti ya tashi mutum ya shiga mota ya je ya ga ginin da idonsa, alhali gani ya kori ji. Kayan aiki kuwa sai a kawo takardar haya, gireda ɗaya da tifa biyu su bayyana a fayil ɗin kamfani biyar a rana guda.

Ni ban raina waɗannan satifiket ɗin ba. Na PenCom yana nufin mai kamfani yana zuba wa ma'aikatansa kashi 10 na fansho su kuma ana cire musu kashi 8, kamar yadda dokar 2014 ta ce, na NSITF kuma kashi 1 ne na albashi domin diyyar wanda ya ji rauni a bakin aiki. Abu ne mai kyau. Sai dai mutum uku ko huɗu da aka rubuta sunansu a ofis kawai abin ya shafa, lebura arba'in da ke kwaɓa siminti a rana ba sa cikin lissafin, kura da shan bugu gardi da karɓe kuɗi.

Yanzu dubi gyare-gyaren da aka yi wa dokar da ƙa'idojinta a 'yan shekarun nan. Dokar Kuɗi ta 2020, wadda ta fara aiki a farkon 2021, ta ɗaga kuɗin kafin alƙalami da za a iya ba ɗan kwangila na cikin gida daga kashi 15 zuwa kashi 30, ta rage kwanakin tallata aiki, ta kuma shigo da Majalisar Tarayya da ɓangaren shari'a da hukumomin tsaro ƙarƙashin dokar, wanda wannan na ƙarshen na yaba masa sosai. A watan Mayun 2025 kuma aka ɗaga iyakar kuɗin da ake kai wa Majalisar Zartarwa, aikin gine-gine sai ya kai naira biliyan 10 kafin ya je gabanta, a da kuwa biliyan 1.5 ne, duk abin da ke ƙasa da haka a ma'aikata ake gama shi. A watan ne dai aka fito da manufar fifita kamfanonin gida da kayan gida. Kowanne da hujjarsa, darajar naira ta faɗi, farashin siminti da rodi ya ninka, kashi 15 ba ya kai mutum ko'ina, kuma ba daidai ba ne ministoci su zauna suna tattauna kwangilar da kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Na yarda da duk wannan. Amma ka lura duk gyaran ɓangare ɗaya ya nufa, yadda kuɗi zai fita da sauri kuma da yawa. Ɓangaren tantance wanda za a damƙa wa kuɗin yana nan kusan yadda aka bar shi a 2007. Ka ninka wa mutum kafin alƙalami ba ka ƙara bincikar halinsa ba, ai ka ninka asarar da za a yi ne ranar da ya gudu. Eh, akwai lamunin banki ko na inshora da doka ta ce a karɓa kafin a biya, amma sau nawa muka ji an ce ma'aikata ta je ta karɓo kuɗinta daga hannun wanda ya tsaya wa ɗan kwangilar?

Kuma ba yau aka san girman matsalar ba. Kwamitin da Shugaba Jonathan ya kafa ƙarƙashin Ibrahim Bunu ya kawo rahoto a 2011 cewa akwai ayyukan tarayya 11,886 da ba a gama ba. Binciken ƙwaƙwaf da aka yi wa hukumar raya yankin Neja Delta, NDDC, ya ƙirga sama da ayyuka 13,000 a 2021, a yankin Neja Delta kaɗai. Duk waɗannan aikin baban giwa akwai kamfani da sunansa a kan kowanne, kuma sashe na 58 na dokar ya tanadi ɗaurin shekara biyar zuwa goma ba zaɓin tara ga wanda ya karya ta, kamfani kuma a hana shi kwangila na aƙalla shekara biyar ya biya tarar kashi 25 na kuɗin aikin. Doka ta ba BPP ikon haramta wa kamfani neman aiki ta kuma wallafa sunansa. To ina dogon jerin sunayen da ya dace da wannan tulin ayyuka? Bankin Duniya yana da nasa jerin a intanet, kowa na iya buɗewa a waya ya ga sunan kamfani da ƙasarsa da ranar da hukuncinsa zai ƙare, akwai kamfanonin Najeriya a ciki, kuma tun 2010 suka yi yarjejeniya da Bankin Raya Afirka da sauran manyan bankunan raya ƙasa cewa wanda ɗaya ya kora sauran ma su kore shi. Mu a nan mutum sai ya yar da aiki a wannan ma'aikata ya tsallaka titi ya karɓi wani a ta gaba da ita.

Wani zai ce ko an haramta wa kamfani ai gobe zai buɗe sabo da sunan matarsa ko ƙaninsa. Gaskiya ne, kuma shi ya sa nake ganin hukuncin mutum ya kamata ya bi, ba sunan kamfani kaɗai ba. Hanyar ma a buɗe take, tunda dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta bayyana duk wanda ke da ainihin iko da kamfani, kuma CAC ta buɗe rajistar masu kamfanoni na haƙiƙa a 2023. Abin da ya rage a haɗa wannan rajista da ta BPP, duk aikin da aka bayar a rubuta wa ya karɓa, nawa aka biya shi, ina aikin ya tsaya, injiniyan da ya sa hannu cewa an gama shi ma a rubuta sunansa. In mutum yana da aikin da ya yar ba tare da uzurin da aka tabbatar ba, kwamfuta ta ƙi karɓar takardunsa tun daga ƙofa, da kowane suna ya zo.

Maganar haƙƙin leburori kuma, wadda ita ce ta fi taɓa ni, akwai inda aka riga aka sa ta cikin doka. A jihar Washington ta Amurka, tun 2017 duk mai neman aikin gine-ginen gwamnati sai ya sa hannu a kan rantsuwa cewa a cikin shekara uku da suka wuce ba a yanke masa hukuncin danne albashin ma'aikata da gangan ba, in an taɓa to bai cancanta ba ko da farashinsa ne mafi sauƙi. Layi ɗaya ne a doka. Da muna da irinsa, da kuma wani ofishi da birkila ko kafinta zai iya shiga da takalminsa na roba ya kai ƙara a rubuta, da Baffana yana da abin kamawa. Yanzu abin da yake da shi kawai Allah ya isa.

Sai batun mafi ƙarancin farashi. Doka ba ta ce a ba wanda ya fi kowa araha ido rufe ba, cewa ta yi wanda ya fi sauƙi cikin waɗanda aka tantance aka ga sun cika sharuɗɗa. Amma da yake tantancewar ta zama ƙirga takardu, sai farashi ya zama shi ne komai. Mutum ya san buhun siminti nawa yake, ya san aikin ba zai yiwu a kuɗin da ya rubuta ba, amma ya karya farashi don ya ci, yana sa ran daga baya a yi masa ƙari ko ya rage rodi ya ƙara yashi, ko kuma ya sayar da takardar ga wani ya cire nasa kason, shi ma wancan ya sayar wa na gaba, kafin aikin ya iso hannun wanda zai riƙe cebur an cinye kusan rabin kuɗin a hanya. Araha ba ta ado, kuma wanda ke biyan kuɗinta shi ne mai babur da kwalbati ya rufta da shi a daminar farko.

Ina da abokai 'yan kwangila na kirki, kuma na san abin da za su ce in sun karanta wannan, in ɓera da sata daddawa ma da wari. Suna da gaskiya. Da yawa daga ayyukan da ke tsaye ba guduwa aka yi ba, biya ne ba a yi ba. Mutum ya ci bashin banki da ruwa mai tsada, ya gama aiki, a ba shi satifiket, sannan ya shekara yana sintiri a ofis, har a 2025 'yan kwangila na cikin gida suka yi zaman dirshan a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Abuja kan kuɗin ayyukan da suka riga suka gama. Alhali sashe na 37 na wannan doka dai ya ce in biya ya wuce kwana 60 gwamnati ta biya da ƙarin ruwa, wani sashen kuma ya haramta a bayar da aiki ba tare da an tanadi kuɗinsa a kasafi ba. Don haka rajistar da nake magana dole ta zama mai fuska biyu, ta nuna ranar da ɗan kwangila ya kai takardar neman biya da ranar da aka biya shi. In laifin ma'aikata ne kada a ɓata sunan bawan Allah, a rubuta sunan babban sakataren da ya sa hannu a aikin da babu kuɗinsa. Kuma kafin a haramta wa kowa aiki a saurare shi, ya samu damar ɗaukaka ƙara, don mun san halin siyasarmu, in aka bar wuƙar a hannun mutum ɗaya 'yan adawa za a fara yankawa da ita.

Abu na ƙarshe, dokar 2007 ta tarayya ce, ba ta hawa kan aikin jiha ko ƙaramar hukuma sai in aƙalla kashi 35 na kuɗin daga asusun tarayya ya fito. Ajujuwa da ɗakunan shan magani da rijiyoyin burtsatse da magudanan ruwa, waɗanda su ne talaka ke gani a ƙofar gidansa, mafi yawansu a hannun jihohi suke. Jihohi da dama sun yi nasu dokokin, Kaduna tun 2016, Jigawa ma ta daɗe da hukumarta ta bin ƙa'ida, saboda haka 'yan majalisun jihohinmu ba sai sun jira Abuja ba, a zama ɗaya za su iya ƙara sakin layi biyu, na aikin baya da na haƙƙin lebura. Don Allah duk wanda ke da lambar ɗan majalisarsa ya tura masa wannan tambaya, ya kuma haɗa masa da hoton ginin da ke tsaye a mazaɓarsa. Ni na riga na ɗauki na makarantarmu, har da allon da aka kafa a bakin ginin, fentin ya koɗe amma ana iya karanta wa'adin kammala aikin, wata shida.