Waya a hannun ɗan shekara 10: iyaye, mu ji tsoron Allah

Ranar Asabar da ta wuce na je walimar saukar Alƙur'ani ta ɗan yayana, yaro ɗan shekara 10. An yi addu'a, an ci waina da miyar taushe, sai uban ya fito da kwali a gaban jama'a ya miƙa masa. Babbar waya ce sabuwa fil, da layi a ciki, har an zuba mata data ta wata guda. Mata suka rangaɗa guɗa, ni kuwa gabana ya faɗi. Kafin la'asar yaron ya shige lungu shi da sa'o'insa huɗu, kawuna a haɗe kan waya, aka kira salla ba wanda ya ɗago.

Na ja uban gefe na ce, "Yaya, anya ba ka yi gaggawa ba?" Ya ce, "Haba, duk 'yan ajinsu suna da ita, so kake a raina shi?"

Wannan magana ce ke ƙona mini rai, 'yan uwana, don ba a bakin yayana kaɗai na ji ta ba. Yaron da ba ka yarda ka aike shi kasuwa shi kaɗai, yaron da kake kulle wa ƙofa da magariba, shi ne ka buɗe wa ƙofar da kowane ɗan iska na duniya zai shigo ya same shi har kan katifarsa da tsakar dare. An ba kura ajiyar nama, kuma mu muka kai mata da hannunmu. Wata uwar tun yaro yana goye take fara wannan aika-aika: ya yi kuka, a miƙa masa waya, za ta yi girki, a miƙa masa waya, baƙi sun zo, a kunna masa bidiyo ya yi shiru. Ran da aka karɓe, ya yi ta birgima a ƙasa kamar mai aljanu, sai a ce yaron ya cika rigima. Wa ya koya masa?

Abin takaici, masu ƙera kayan sun fi mu tsoronsu. Bill Gates, na kamfanin kwamfuta na Microsoft, da bakinsa ya ce 'ya'yansa ba su riƙe waya ba sai da suka kai shekara 14. Steve Jobs, shugaban kamfanin Apple a lokacin, a shekarar 2010 da aka fitar da iPad, na'urar kamfaninsa mai kama da babbar waya, ya shaida wa wani ɗan jarida cewa 'ya'yansa ba su taɓa amfani da ita ba. Faransa ta hana waya a firamare da ƙaramar sakandare tun 2018, Ostireliya kuma ta yi doka a 2024 ta hana yaran da ba su kai shekara 16 ba buɗe shafin sada zumunta. Su kansu Facebook da TikTok sun ce sai ɗan 13, amma mu uba ne ke zama ya ƙara wa ɗansa shekaru a wajen rajista, ya fara koya masa ƙarya a kan ranar haihuwarsa.

Kada kuma wani ya ce matsalar Turawa ce. A watan Yulin 2024 kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, ya rufe shafukan Instagram kusan 63,000 daga Najeriya, na masu yaudarar mutane su turo hoton tsiraici sannan a yi musu barazana sai sun biya kuɗi. Yarinya 'yar 12 ta faɗa hannun irin waɗannan, wa za ta gaya wa? Kunya da tsoron duka za su sa ta haɗiye abin ita kaɗai. Ban ma taɓo cacar ƙwallo da samarinmu suka afka ba, ko iyayen da ke ɗaukar 'yarsu tana karairaya a biki su watsa wa duniya don a ce ta iya rawa. Wannan ma abin kuka ne.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In dole sai an nemi yaro, ƙaramar waya mai madannai ta isa kira. In aikin makaranta ne, ya yi da taka, a falo, kana gani. Sai dai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: uban da ke latse-latse ana cin tuwo, da wane baki zai tsawatar?

Mu da muka tashi, ɗa na kowa ne. Maƙwabci ya gan ka inda bai dace ba, tun a can zai ja maka kunne, ka iso gida a ƙara maka. Bayan isha'i a taru a gaban kaka, ta ce "ga ta nan ga ta nanku", mu amsa, har barci ya kwashe mu. Yau maƙwabcin ba ya ganin inda yaron ya shiga, kakar kuma tana zaune ba mai kallon ta.

Jiya na leƙa gidan don in ji yaron ya karanta mini ko da shafi ɗaya. Uwarsa ta ce barci yake, bai kwanta da wuri ba. Allonsa mai zayyana yana nan jingine a bayan ƙofa, inda aka ajiye shi ranar Asabar.