Golf ɗin Alhaji Ta Fara Magana Bayan Juye

Garejin Oga Sallau ne, a bayan kasuwar Ƙofar Ruwa cikin Kano, da hantsi. Oga na kishingiɗe a kan kujerar wata mota da aka yanka tuntuni. Yaronsa Ɗanliti na wanke notuna a cikin fetur. Farfesa, wanda ko keke bai taɓa mallaka ba amma ya gama kallon gyaran mota a YouTube, yana cajin waya da batirin mutane. Malam Na-Inuwa na jan carbi a gindin darbejiya. Sai ga wata jar Golf 3 ta shigo da ƙara, Alhaji Bazazzagi ya fito yana gyara babbar riga.

ALHAJI: Salamu alaikum. Kai kar ka amsa, Sallau, sallamar ta sauran jama'a ce.

OGA: To wa alaikumus salam a madadinsu. Alhaji, ya mutanen Zazzau?

ALHAJI: Na isa Zazzau ɗin ne? A Kwanar Dangora na juyo. Shekaranjiya na kawo maka mota lafiyarta ƙalau, ko tari ba ta yi. Ka yi mata juyen mai, yau ga ta tana magana.

OGA: Me take cewa?

ALHAJI: Taka-taka-taka-taka.

OGA: Ba tika-tika ba?

ALHAJI: Ni sa'an wasanka ne?

OGA: Abokin wasa dai, Alhaji, tun kaka da kakanni. Amma tambayar ta aiki ce. Da taka-taka da dum-dum akwai tazarar kuɗin kujerar Makka.

FARFESA: (ko ɗago kai bai yi ba) Injin ya buga. Metal ya tafi. A sauke shi kawai a nemo ɗan Beljiyam.

ALHAJI: Inna lillahi! Wane ne wannan?

OGA: Farfesa ne. Rannan ma ya ce injin wata mota ya buga, ashe mai ita makulli ya manta a gida.

MALAM: Alhaji, ni tun shigowarka na ga alama. Wannan baki ne. Motar ta yi kyau da yawa. Akwai rubutun da zan yi, a wanke a zuba a lagireto.

OGA: Malam, lagireton nan wata uku ke nan yana yoyo. Rubutun zai tsiyaye ne kafin a kai Kurna. Alhaji, ba ni amsa. Ƙarar nan da sanyin safiya ta fi, ko in mota ta ɗau zafi?

ALHAJI: Da safe sai ka ce ana sallama da guduma. In an jima ta ɗan lafa, amma ba ta dainawa.

OGA: In ka taka totur fa?

ALHAJI: Sai ta ƙara sauri.

OGA: Akwai fitilar da ta kama a gabanka?

ALHAJI: Akwai wata ja mai kama da butar shayi. In na sha kwana sai ta ƙifta.

OGA: Me ka yi da ka gan ta?

ALHAJI: Tana ɗauke min hankali a tuƙi, sai na liƙa mata sitika.

(Oga ya cire hula, ya duba cikinta, ya mayar. A garejin Kano wannan ya fi zagi ciwo.)

OGA: Alhaji, fitilar nan ba ado ba ce. In ta kama, injin ne ke cewa mai ba ya iso masa da ƙarfi. Ƙiftawar da take yi a kwana kuwa, man da ke ƙasa ne ya yi kaɗan, in ka karya sitiyari sai ya kwarara gefe guda, famfo ya zuƙi iska. Wanda ya ga ta kama, tsayawa yake ya kashe mota, ko a tsakiyar daji ne. Ɗanliti, buɗe bonet. Alhaji, tayar.

(Aka tayar. Oga ya ɗauko doguwar sukudireba, ya ɗora bakinta a kan murfin saman injin, ya kanga kunnensa a ƙotar, ya lumshe ido. Ya matsar da ita gaba kaɗan. Sannan ya durƙusa ya dafa ta a gindin injin, yana kaffa-kaffa da fanbel kar ya kama masa hannun riga.)

ALHAJI: Waya kake yi da shi?

OGA: Shi ke magana, ni saurare nake. Farfesa, zo ka sa kunne, yau ka ji abin da ba a ji a waya. Nan sama, me ka ji?

FARFESA: Tik-tik-tik, siririya.

OGA: Nan ƙasa fa?

FARFESA: Gurnani kawai.

OGA: To a nan ƙasa metal yake, wato 'yan ƙarafan da karanshaf, babban sandan injin, ke juyawa a kansu. Da shi ne, da ka ji duka mai nauyi, dum-dum, wanda ke ƙara ƙarfi in mota na hawa tudu ko ta ɗau kaya. Wannan ta sama tafet ne. Wasu 'yan kofuna ne tsakanin kamshaf da bawul, a injin nan mai ne ke cika su su tsaya daram. In mai bai isa ba, ko ya zo da iska, sai su saki, kamshaf ya dinga ƙwanƙwasa su. Ka lura ma ba ta kai saurin injin ba, don sai karanshaf ya juya sau 2 kamshaf ke juyawa sau 1.

FARFESA: Ai abin da na ce ke nan.

ƊANLITI: Cewa ka yi a sauke injin.

FARFESA: Manya na magana.

OGA: Kashe, Alhaji. Mu ba shi 'yan mintuna man ya koma ƙasa. Geji ba ya faɗin gaskiya in an kashe yanzu-yanzu, ko in mota na kan gangare.

ALHAJI: Geji ba ya faɗin gaskiya, bakanike ba ya faɗin gaskiya. To wa zan tambaya?

MALAM: Ga ni.

(Oga ya zaro gejin mai, ya goge da tsumma, ya mayar har ƙarshe, ya sake zarowa ya ɗaga shi a rana. Ɗan ɗigo ne kawai a can bakinsa, bai ma kai layin ƙasa ba.)

ALHAJI: Ka gani ko! An sace min mai! Ku Kanawa ko inuwa kuka samu sai kun auna ta a mudu. Galan guda na kawo, sabo dal, da hatiminsa.

OGA: Sannu a hankali. Ɗanliti, shiga ƙasa. Notin juye a ɗaure yake?

ƊANLITI: (daga ƙarƙashin mota) A ɗaure, Oga. A bushe.

OGA: Gindin filta fa? Ba ka bar tsohuwar roba a manne ka ɗora wata a kai ba?

ƊANLITI: Ba roba biyu, Oga. Ai ba a ma canza filtar ba.

OGA: Ba a me?

ƊANLITI: Alhaji ne ya ce a wanke ta da fetur a mayar, wai shekara uku ke nan ba ta taɓa ba shi kunya ba.

ALHAJI: To ƙarya na yi? Ƙarfe ne fa. Ƙarfe na tsufa ne?

OGA: Gwangwanin ne ƙarfe. Cikinta takarda ce, kuma dattin da ta sha fetur ba ya fitar da shi. Akwai wata 'yar roba a ciki da ke hana mai sulalewa ƙasa in an kashe mota. In ta ƙandare, kullum da safe injin zai tashi a bushe har sai famfo ya sake turo mai. Ga gudumarka ta safe nan. Amma tsaya. Ba yoyo, salansa ba ta hayaƙi, to ina man ya shiga? Injin nan kusan lita 4 yake sha. Ɗanliti, fito. Nawa ka zuba?

ƊANLITI: Oga, in faɗa?

ALHAJI: Yaro ne, me ya sani?

ƊANLITI: Ina cikin zubawa Alhaji ya riƙe min hannu, ya ce ya isa haka, almubazzaranci haramun ne. Ya fito da gorar ruwa biyu daga but, irin mai santilita 75, muka cika su.

OGA: Lita ɗaya da rabi ke nan! Me za ka yi da su?

ALHAJI: Ɗaya ta janareto. Ɗaya ta injin markaɗen Hajiya.

OGA: Wato galan guda ka raba wa mata uku.

ALHAJI: Adalci ke nan. Kai kuma ina kake lokacin? Ni wa na kawo wa aiki, kai ko wannan ɗan tatsitsin?

(Nan Alhaji ya yi gaskiya, kuma duk mai mota a garin nan ya san wannan ciwon: ka kai wa oga aiki, ka juya baya, ya miƙa wa yaro.)

OGA: Na shiga kasuwa neman kaya.

ƊANLITI: Wajen mai ɗanwake, Oga.

OGA: A kasuwa yake ai. Shiga ciki ka kawo sabuwar filta.

FARFESA: Ni shawarata a zubar da wannan man gaba ɗaya a sa 0W-20. Shi ake yayi a Amurka. Lambar farko tana nuna yadda mai ke gudu in da sanyi, ta biyun kuma kaurinsa in ya kai zafin digiri 100.

OGA: Bayanin lambobin daidai ne, Allah ya yi maka albarka. Sai dai wannan man na sababbin injuna ne da aka ƙera don shi. Motar nan a 1991 aka fara yin irinta, ta girme ka. Ta gama yawonta a Jamus, ta huta a Kwatano, sannan ta zo ta faɗa hannun Bazazzagi. Cikinta ya buɗe. Ka zuba mata mai tsinkakke a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, fitilar nan ko sitika goma ba za su rufe ta ba. Me ke jikin galan ɗinka, Alhaji?

ALHAJI: 20W-50.

OGA: Ya yi mata. Irinsa za a ƙara. Kuma ban da na awo a bakin titi, wanda ba a san uwarsa ba balle ubansa.

ALHAJI: To tunda ƙaranci ne ya jawo, a cika shi har baki. A zuba lita 6 mu huta.

OGA: Yanzu kuma kyauta ta motsa? In ya wuce layin sama, karanshaf zai dinga kaɗa shi ya yi kumfa, famfo ya tura kumfa, ƙarar nan ta dawo, robobin injin su fara zubar da mai. Tsakanin layi biyun nan ake so, kusa da na sama. Ina gorunan?

ALHAJI: Ɗaya na but. Ta janareton kuwa an riga an sha.

OGA: Sai ka sayi lita ɗaya.

ALHAJI: Ba a sayar da rabi?

(Aka kwance tsohuwar filta. Oga ya tuntsurar da man cikinta a murfin fenti, ya karkata shi a rana, yana motsawa da yatsa.)

ALHAJI: Me kake nema kuma, zinare?

OGA: Shi fa. In ka ga ƙyalli-ƙyalli a cikin mai, metal ne ya fara narkewa, sai mu ba Farfesa haƙuri. Babu. Alhaji, ka yi sadaka. Daga nan zuwa Kwanar Dangora da dawowa a kan wannan ɗan man, ba dabararka ba ce.

MALAM: Sadakar a nan ma ana karɓa.

(Ɗanliti ya shafa mai a robar sabuwar filta, ya ɗaura ta da hannu. Aka ƙara mai, aka auna, aka ɓare sitika. Da aka tayar fitilar ta mutu nan take. Taka-takar ta yi ta raguwa, kafin mai shayi ya kawo canji ta ɓace.)

ALHAJI: Alhamdu lillahi. Bari in ɗan taka.

(Ya taka totur. Ƙwal-ƙwal-ƙarrr!)

FARFESA: Allahu akbar! Na faɗa! Metal!

MALAM: Na faɗa! Baki!

ALHAJI: Sallau, ka kashe ni!

OGA: Sake takawa. Tsaya. Wannan ba daga cikin injin take ba. (Ya zura hannu ta bayan batir, ya lalubo, ya zaro wani abu.) Ɗanliti. Mene ne wannan?

ƊANLITI: Sifana lamba 10, Oga.

OGA: Wadda na ce Farfesa ya sace?

FARFESA: Har ka sa na rantse da abin da zai kashe ni.

ƊANLITI: Kan batir ɗin ne ya yi sako-sako, na ɗaure, sai Alhaji ya kira ni zancen gora.

ALHAJI: Dakata. Wato sifanar nan a motata ta kwana biyu?

OGA: Haka ne.

ALHAJI: Ta je Kwanar Dangora ta dawo?

OGA: Da alama.

ALHAJI: To kuɗin mota zuwa da dawowa, da kuɗin kwana. A cire a kuɗin filta.

OGA: Na yarda. Ni kuma kuɗin sauraro, kunne biyu, da na Farfesa uku.

FARFESA: Nawa a ba ni a hannu.

ALHAJI: Kunnen da ya ce a sauke injin? Shi ya kamata ya biya ni kuɗin hawan jini. Sallau, mu yi ta ta 'yan'uwa: ka bar min kuɗin aiki, in bar maka sifana.

OGA: Sifanar tawa ce!

ALHAJI: Shi ya sa na ce zan bar maka.

(Aka yi ta ja har aka kira azahar. A ƙarshe Alhaji ya biya kuɗin filta da na mai, ya ce kuɗin aiki sai ya ga yadda ta tashi gobe da safe. Ya shiga mota, ya ja baya, sai ya tsaya ya sauke gilashi.)

ALHAJI: Kai yaro! Man nan da ogan naka ya zuba a murfin fenti, na waye?

ƊANLITI: Na tsohuwar filtarka ne, Alhaji.

ALHAJI: To me kake jira? Ga gora.