Talabijin na kyauta bai tsufa ba a Maraɗi

A nan Faransa, inda nake zaune, eriyar da ke kan rufin gidaje ta kusa zama ado, domin gidaje da yawa ta akwatin intanet suke kallo. A 2022 gwamnati ta soke harajin talabijin na Yuro 138 da ake biya duk shekara, sannan a 2025 tashar TF1 ta ƙulla yarjejeniya da Netflix, dandalin kallon fina-finai ta intanet, domin a riƙa kallon shirye-shiryenta a can. Ganin haka ne ya sa wasu ƴan'uwa mazauna Turai suke cewa kwanan talabijin na kyauta ya ƙare, har a gida Nijar.

Ban yarda ba, kuma dalilina kuɗi ne. Bafaranshe yana biyan intanet sau ɗaya a wata, ya yi kallo ba tare da awo ba. Mutumin Maraɗi kuwa data yake saye kamar yadda ake sayen gero da tiya, yana kallo yana lissafin abin da ya rage. Duk wanda ya taɓa tsayawa a teburin mai shayi a unguwar Bagalam lokacin kokawar takobi, wato gasar kokawar gargajiya ta ƙasa, ya san abin da nake nufi: tele ɗaya a kan benci, an jona ta da batirin hasken rana, ƴan kabu-kabu sun faka babura, yara sun durƙusa a gaba, kuma ba wanda aka tambaya ko dala kafin ya ga kaye a Télé Sahel, tashar gwamnati. Wace waya ce za ta ɗauki wannan taro?

Abin da nake tsoro ba intanet ba ne. Na farko shi ne wutar lantarki, domin da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a Agustan 2023, allon ya yi duhu ba tare da Facebook ya sa hannu ba. Na biyu shi ne harshe. Tun da Arewa24 ta fara watsa shirye-shirye kyauta ta tauraron ɗan Adam a 2014, iyayenmu mata suka sami tashar da ke yi musu Hausa daga safe har dare, alhali a tashoshin Yamai Hausa kan jira nata lokaci bayan Faransanci.

Saboda haka, idan tashoshinmu suna son riƙe masu kallo, sai su zo Maraɗi da kyamara, su ɗauki farashin kasuwa da halin da manoman Gulbi suke ciki, su watsa da Hausa a lokacin da aka gama sallar isha'i, kashegari kuma su yanka shi guntu-guntu domin masu WhatsApp.